Wayar da Aka Lanƙwasa a Dutsen Garn

Shekarata tamanin da ɗaya a tsaunukan Wales. Ban taɓa zama a aji ba, ƙanƙara ta binne ni sau biyu na fito da ƙafata, don haka in na ba ka labari, riƙe shi.

Ranar Talata da safe Mista Harlow, baƙon da ya sayi gonar ƙasan dutse, ya kira 'yan sanda: an datse masa shingen waya wuri uku. Shingen nan a makiyayar kowa da kowa ya kafa shi, ya tare hanyar ƙafa, ba kuwa takardar izini.

Sufeto Idwal Probert ya fara da Carys Bevan, shugabar masu yawon hawan dutse.

"Ke kika yi ta kai ƙarar shingen nan."

"Ni ce, Sufeto. Da ni na yanke, da na kira 'yan jarida su ɗauke ni hoto."

Sufeto ya hau ya duba. Kowane bakin waya an lanƙwasa shi baya, an murɗe tsaf. Ɗan yawo ba ya wannan wahala. Mai tsoron kada waya ta yagi tunkiya ne kaɗai ke yi, hannunsa ma ba ya shawara da shi.

Can sama da shingen, tumaki ne kwance cikin wani kwari, kowace da jan fenti a kafaɗa. Alamar tsoho Emrys Tudur ke nan.

Sufeto ya same shi a garke.

"Baba Emrys, ina kake jiya?"

"Kasuwa."

"Kasuwa ranar Alhamis take ci."

"To, ka zama ɗan sanda, har ranakun mako ka iya! Ubanka bai iya ba."

"Miƙo hannunka, Baba."

Tafin duk sabon yanka ne.

"Ni ne," in ji tsohon. "Tumakin nan a kwarin can aka haifi iyayensu. In ƙanƙara ta taso, can suke gudu, ba mai koya musu. Makon jiya suka taho suka tarar da waya. A jikinta na tono goma sha ɗaya, sun sandare a tsaye. Sau uku ina zuwa ofishin tsara ƙasa, yaro. Suka ce shingen haramtacce ne, amma in jira kwamiti ya zauna. An ce gobe wata ƙanƙarar na tafe. Kwamitin ne zai kwana da su?"

Sufeto ya buɗe masa ƙofar mota ya tafi da shi ofishin 'yan sanda, ko ankwa bai fitar ba.

Kafin la'asar ma'aikatan Harlow sun ɗinke shingen. Da idona na gani, idon da har yau bai san tabarau ba. Washegari ƙanƙara ta taso, tumakin da suka sauko kiwo suka sake tarar da waya. Ranar Juma'a ni na tono sauran tumakin a jikinta, a sandare.