Shinkafar da Ta Ƙi Tsirowa

Mutumin da ya yi boko ya koma yana satar gumin abokin aikinsa ɓarawo ne, kuma takardar shaidarsa ba ta rage masa komai ba.

A shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya fara cinye gonakin Maradun, Dakta Taiba Buba ta shiga ofishin 'yan sanda na Talata Mafara bayan sallar Juma'a. Masaniyar ƙwayoyin gado ce, wato abin da ke cikin iri yake sa ɗa ya ɗauko uwa. Shekara biyar tana bin ƙauyukan da za su nutse tana tara tsofaffin irin shinkafa.

"An ɗauke mini ƙunshi guda," ta ce wa Sufeto Ayuba Nagode.

"Na zinariya?"

"Na shinkafa. Bai kai cikin tafi biyu ba. Sunanta 'yar Inno. Gonar da ake nomanta tana ƙarƙashin ruwa, ita ke nan ta rage a duniya."

Sufeto ya bi ta zuwa ɗakin bincikenta. Ba a fasa kwaɗo ba. Ga madubin duba ƙwayoyi mai tsada a kan tebur, ga ƙunshi arba'in da ɗaya a jere. Ya jima yana kallonsu. Wane irin ɓarawo ne ya san wanda zai zaɓa?

Ya kira maigadi, Bawa.

"Ina kake lokacin Juma'a?"

"Nan nike, ranka shi daɗe. Ban gusa ba."

"Ashe ba ka yi sallah ba. In faɗa wa liman?"

Bawa ya sunkuyar da kai. "Na tai. Amma mabuɗi na wuyana. Ni da Dakta da Malam Falalu kaɗai ad da shi."

Malam Falalu shi ne mataimakin Dakta, yana kula da gonar gwaji a Bakura. Sufeto ya same shi can, da tabarau da biro uku a aljihu.

"'Yar Inno? Ban taɓa ko kwance ƙunshin ba," in ji shi. "Ni aikina sabon iri ne. Waɗannan tarkacen tsofaffi nata ne."

Da Sufeto ya dawo, Dakta ta tuna cewa wata uku ba ta buɗe ƙunshin ba, sai yau ta ga babu. To satar ba lallai ta yau ba ce. Sufeto ya tambayi inda irin ya fito, aka ce wurin Gwaggo Inno, a sabon matsugunin da aka kai mutanen ƙauyensu. Washegari ya tafi.

Suka gaisa har ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya.

"Gwaggo, mi ya sa Dakta ke son shinkafarki?"

"Don tana kwana, ɗana. In an girbe ta, ko ka tsoma ta rijiya ba ta tsira sai ta cika wata shida. Shi ya sa ambaliya ba ta taɓa ɓata muna iri ba. Ita Taiba tana son ta gano abin da ka sa ta kwana. Ku 'yan boko duk kun taso mini. Wancan mai madubin ido ma haka."

"Wane?"

"Wanda yaz zo ran Talata. Wai ya jiƙa ta kwana huɗu kamar ta gwamnati, ta ƙi tsiro, ko ta mutu? Nic ce kai dai ka mutu, ita kwana take."

"Kin ba shi iri?"

"Ina nig gane shi? Duk abin da ya rage Taiba na ba."

Sufeto ya koma Bakura, ya tafi da Dakta.

"Malam, wace shinkafa ka jiƙa kwana huɗu?"

"Ta gwaji ce."

"Ta gwaji ce ka kai ƙararta wurin tsohuwa a Maradun?"

Falalu ya cire tabarau ya goge, ya mayar. A bayan buhunan taki aka sami kwano da jiƙaƙƙiyar shinkafa da ta yi tsami, ga sauran ƙunshin a busshe kusa da shi. A cikin durowarsa akwai takarda da zai aika taron masana a Ibadan, da bayanin irin, da sunansa shi kaɗai a sama.

"Shekara goma sha biyu ina wannan aiki," ya ce. "Duk takardar da ta fito, sunanta ake kira. Na ce in na riga ta shukawa, nawa za a kira."

Dakta ba ta dube shi ba. Ta zube busasshen irin a kan farar takarda tana ƙirgawa da tsinke. Ƙwaya ɗari da sittin ne.

"Za su isa?" Sufeto ya tambaya.

"In na jira wata biyu ta cika wata shidanta na kwana," ta ce.

Aka sa wa Falalu ankwa. An kore shi daga aiki, kotu kuma ta ɗaure shi wata goma sha takwas.