Ciwon da Najaha Ta Gada

Najaha tana zaune gaban keken ɗinkinta a tsakar gida, ta tasa rigar mutane a gaba ta kasa ɗinka ko hannu ɗaya. Gwaggo Balki, wadda ta raine ta tun tana rarrafe, ta ajiye tankaɗen da take yi ta dube ta.

"Kin gaya masa ke nan?"

"Na gaya masa, Gwaggo. Ba zan bari su kawo goro bisa rufa-rufa ba."

Mahaifin Najaha ɗan cin rani ne. A shekarun da sida, wato cutar ƙanjamau, ke ɗauke magidanta a Matameye, mutane suna tsoron ko kiran sunanta, ya dawo gida da ciwon bai sani ba. Shi ya fara rasuwa, matarsa ta bi shi, suka bar jaririya da ƙwayar cutar a jininta. Gwaggo ce ta riƙa goya ta zuwa likita karɓo magani, har ta girma ta zama budurwa lafiyayya, ba ta taɓa tsallake shan maganinta ba.

Marwan, mai koyarwa a lakwal, makarantar boko ta garin Tsauni, shi ne ke neman aurenta. Da ta faɗa masa, sai ya ce, "Dakor, na ji. Mu je wurin likita tare in ji da kunnena. Amma ki sani, ni ban fasa ba."

Likita ta yi masu bayani dalla-dalla: ƙwayar ta kwanta har awo ba ya ganinta, muddin Najaha na shan magani ba za ta sa wa mijinta ba, kuma akwai hanyar kare abin da za ta haifa.

Sai dai mahaifiyar Marwan, Hajiya Ummu Salma, ta ce sam.

"Ni na yi jinyar ƙanena Salisu da hannuna," ta ce tana kuka. "Ina kallo ya ƙare kamar karan gero, maƙwabta suka daina karɓar ruwan gidanmu. Shi ne za ka kwaso mini wannan abu?"

"Hajiya, ba zan yi aure ba sai da albarkarki," in ji Marwan. "Amma ki yi haƙuri, ba zan nemi wata ba."

Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, magana na nan yadda take. Najaha ta sha kuka a ɓoye. Ta ce masa ya bi mahaifiyarsa, ita ta yafe. Ya ce su dai ci gaba da addu'a.

Wata ranar kasuwa da la'asar, sai ga Hajiya Ummu Salma ta yi sallama, tare da aminiyarta Hajiya Maryama mai sayar da atamfa. Ta zo ne a kashe maganar kowa ya huta. Najaha ta shimfiɗa masu tabarma, ta kawo fura ta durƙusa ta gaishe su. Hajiya Ummu Salma ta kalli kwanon, ba ta taɓa ba.

"Balki, ba ƙin yarinyar nan nake ba, tana da ladabi," ta ce. "Amma ɗa guda gare ni. Wannan ciwo kabari ne."

Hajiya Maryama ta ɗauki ludayi ta sha furar, sannan ta ajiye a hankali.

"Ummu Salma, tun yaushe muke cin tuwo kwano ɗaya?"

"Tun muna amare. Me ya kawo wannan?"

"To ni ma irin maganin yarinyar nan nake sha, tun rasuwar maigidana Alhaji. Da shi na aurar da 'ya'yana, da shi na sauke farali. Ban gaya miki ba don ina tsoron irin kallon da kike yi wa kwanon nan." Ta dubi aminiyarta ido da ido. "Salisu ya zo a lokacin da babu magani kusa. Mu mun tarar da shi. Wannan yarinya kuwa ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, kuma ga ta ta faɗi gaskiyar da ni babba na kasa faɗi."

Najaha ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a zanenta. Can sai ta ji hannu a kafaɗarta.

"Tashi, ɗiyata," in ji Hajiya Ummu Salma. "Gobe ki raka ni wurin likitar nan taku. Ina da tambayoyi da yawa."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Da Najaha ta samu ciki, surukarta ce ke raka ta awo. Ta haifi mace, aka sa mata Anisa, aka bi duk abin da likita ta ce. Bayan yaye aka yi wa yarinyar awon ƙarshe. Najaha tana zaune a benci, Marwan na tsaye kusa da ita, har likita ta fito da murmushi.

"Ɗiyarku lafiya lau take. Babu komai a jininta."

Najaha ta rungume Anisa, tana ta faɗin alhamdu lillahi. Ta tuna uwar da ba ta san fuskarta ba, wadda ba ta samu wannan rabo ba, ta yi mata addu'a.

Haƙuri da faɗin gaskiya ba su taɓa tozarta mai su ba, kuma tsoron da iyaye suka kwaso daga zamaninsu ilimi ne ke kwantar da shi, ba gardama ba.

A hanyar gida Hajiya Ummu Salma ta karɓi jikarta ta goya. Najaha ta kalli Marwan ta ce, "Ciwon nan ya ɗauke Inna da Baba, ni ina zaune da shi. Amma daga kaina ya tsaya."