Gilashin da Ya Yi Ciki

Ranar wata Laraba, bayan la'asar sakaliya, na ɗaure bokiti a bayan keke na nufi babban kanal ɗin da ya ratsa ta bayan ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure. A cikin bokitin akwai tarwaɗa guda ɗaya.

Ta yayana ce, marigayi Zaharaddini. Shi ne mai buɗe ƙofar ruwa ga gonakin shinkafa, kuma a gindin ƙofar ya kamo ta. Ya sa ta a wani akwatin gilashi da wani injiniya ya bar masa, ya ajiye a kan teburi a ɗakin Inna. Bai taɓa zuba mata ruwan rijiya ba. Can gindin ƙofar yake zuwa, ya yi sallama, ya ɗebo.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya riƙe hannuna ya ce, "Baballe, aro na yi. Ka mayar kafin arba'in. Da kifin da ruwan, kada ka rage ko ɗigo."

Na ce to. Shekara shida ban mayar ba.

Na riƙa cewa saboda Inna ne. Ɗan fari ne, ba ta iya faɗin sunansa, sai dai ta shimfiɗa tabarma a gindin teburin ta wuni tana jan carbi. Amma gaskiyar ita ce, akwatin yana da nauyi, ni kuma ga tumatir ga albasa.

A shekarar 2004 gilashin gaba ya fara yin ciki. Na rage ruwan zuwa rabi, da safe na tarar ya cika. Na kira Lukmanu mai gyaran gilashi daga Kura. Ya ɗora katako miƙaƙƙe a jiki, katakon ya yi lilo. Ya kara kunnensa, ya daɗe, sannan ya ɗauki jakarsa.

"Malam Baballe, gam ba zai riƙe wannan ba. Ka tashi tsohuwa daga nan yau."

Da na gaya wa Inna, sai ta ce, "Nan yayanka ya bar ni."

Shi ya sa na kamo tarwaɗar, na jefa ta a bokitin ruwan rijiya, na bar akwatin yadda yake. Na ce ai kifin ne mai rai.

Na isa ƙofar ruwan ana shirin kiran magariba. Manoma duk sun tashi. Injinan ban ruwa sun yi shiru. Warin laka da ruɓaɓɓiyar albasa ya cika wurin. Kwaɗi suna ta kuka, sai suka tsaya gaba ɗaya.

Wata mata tana zaune a kan simintin, ta ba ni baya, ƙafafunta cikin ruwa. Zanenta yana ɗiga, amma simintin a bushe yake.

Na yi sallama. Ba ta amsa ba.

Na juye bokitin. Tarwaɗar ta nutse ba ƙara.

"Ƙanin Zaharaddini," in ji ta, a hankali kamar mai raɗa. "Rigar ɗana kawai ka kawo mini."

Na ja da baya.

"Shi yana cikin ruwan da ka baro a gida. Shekara shida yana tura bango."

"Zan kawo gobe."

"Ka cire masa abin da yake kwana a ciki. Ba zai jira gobe ba."

Ta fara juyowa.

Ban tsaya ganin fuskar ba. Na bar bokitin, na hau keke. A bayana ina jin takun ƙafa mai danshi a kan gaɓar kanal, ba sauri, ba tsayawa.

Na faɗa gida ban yi sallama ba.

Inna ta tayar da salla a gindin teburin. Gilashin ya kumbura ya kusa taɓa kanta. A jikinsa, daga ciki, ƙananan tafukan hannu biyu.

Ya yi ƙara, siririya.

Na fizgo ta tana ruku'u.

Ya fashe.

Ruwan bai bazu a ɗakin ba. Ya haɗu wuri guda, ya haura dokin ƙofa, ya bi ta zaure ya fita. Wani abu mai sanyi ya shafi ƙafata yana wucewa. Takun da ke waje ya tsaya, sannan ya juya. Na ji sun zama biyu.

Wani ɓallin gilashi ya yanke wa Inna jijiya a bayan dunduniya. An ɗinke a asibiti, amma ba ta sake takawa ba sai da sanda, kuma sauran sallolinta na duniya a zaune ta yi su.

Tana ɗakin ranar da yayana ya ba ni amanar. Ta ji komai. Amma duk wanda ya zo dubiya ya tambayi yadda aka yi, sai ta riga ni magana.

"Gilashi ne ya tsufa," take cewa. "Allah ya yi wa Baballe albarka, shi ya janye ni."

Su kuma su juyo su ce mini sannu da ƙoƙari.