Bangon Da Ba Ya Jin Ƙararrawa

"Ina tagar?"

Abin da ya fara fita daga bakina ke nan da na shiga ɗakin ƙasa na gidan da za mu zauna bayan aure. Tagar da Mama ta ce za ta riƙa shan hantsi a gefenta, an toshe ta da bulo, an lulluɓe da baƙin yadi.

Angon nawa ya taho yana washe baki. "Haba sahibata, ko sallama babu? Mamaki na so in ba ki. Silima za mu yi a gida! Majigi ba ya shiri da haske, dole taga ta tafi."

"Ɗakin Mama ne fa wannan. Da bakinka ka faɗa..."

Ni kaɗai Mama ta haifa. Tun da ɓarin jikinta ya shanye muryarta ba ta fita sosai, sai dai ta kaɗa 'yar ƙararrawa in tana bukatata. Sharaɗi ɗaya na gindaya masa: inda zan zauna, nan za ta zauna. Ranar har ƙasa ya durƙusa gabanta ya ce, "Mama, ai ɗa kika samu."

"Kwantar da hankalinki, hasken idona. Na ware mata ɗakin da ke bayan bangon nan, ya ma fi kusa da banɗaki. Zo ki ga abin arziki. Tafa hannu ki ji!"

Na tafa a sanyaye. Ƙarar ta mutu nan take, babu amsa-kuwwa.

"Kin ji ko? Kafet da soson da aka manna a bango su suka shanye ta. Sifika uku a gaba, biyu a baya, mai gurnanin nan kuma a kusurwa. In mota ta wuce a fim, sai kin ɗage ƙafa!"

Ya zaunar da ni a kujerar tsakiya. Mai haɗa sautin da ya ɗauko, wani dogo mai fensir a bayan kunne, ya riƙa jan madubi a jikin bango.

"Amarya, in kin hango sifika a madubi ki ce in tsaya. Nan sauti ke dukan bango ya dawo kunne, nan za mu ƙara soso."

"Tsaya," na ce, har na soma murmushi. Da kunnena ake auna ɗakin... zuciyata ta fara saukowa.

Mutumin ya ƙwanƙwasa bangon ɗakin Mama. "Wannan ne ya ba mu wahala. Ninki biyu ne, da auduga a tsakani."

Na juya na kalli angona. "Don kada ƙarar fim ta hana ta barci? Allah sarki masoyi..."

"Ni ma haka na zata," in ji mai haɗa sautin yana dariya. "Sai yallaɓai ya ce a'a, daga can zuwa nan za a gwada. Har ƙararrawa ya kawo. Na shiga can na yi ta kaɗawa kamar mai tallan ƙanƙara, shi yana nan zaune. Sai da ya daina ji kwata-kwata ya ce aiki ya yi."

"Kai malam, ka cika surutu!" angona ya daka masa tsawa.

Ya makara. Mutumin ya riga ya zaro ta daga akwatin kayan aikinsa. 'Yar ƙararrawa ce mai jan zare a wuya. Ni na ɗaura zaren da hannuna. Tun makon jiya muke nemanta, Mama na buga cokali a jikin kofi in tana son ruwa.

"Kai ka ɗauke ta?" na tambayi angona. "Ranar da ka zo gaishe ta, tana sa maka albarka?"

"Aro na yi, mantawa na yi ban mayar ba. Ki fahimce ni, rabin raina! Kullum muna hira sai ƙilin-ƙilin, kin tashi kin bar ni. Wuri ɗaya kacal nake so inda za ki zama tawa ni kaɗai. Laifi ne?"

"In ta faɗi fa? In numfashinta ya sarƙe tana kaɗawa, ni ina nan ina kallon fim?"

"Za mu ɗauko mai aiki..."

"Da ka ce ba za ka iya ba, wallahi da na ga girmanka. Amma ka kira ta uwa, sannan ka gina bango don kada ka ji ta!"

"Zauna mana, in kunna miki ki ji sautin, za ki huce."

Har ya ɗauki rimot. Na karɓi ƙararrawar na fita, na ja ƙofar nan mai nauyi ta rufe ruf. Hawaye na zuba, na zare zobensa na ajiye a bakin ƙofa.

"Na fasa!" na faɗa da iya ƙarfina. "Ka ji? Na fasa!"

Na kaɗa ƙararrawar. Na jira. Da ya buɗe, wataƙila da na saurare shi.

Ƙofar ba ta motsa ba. Aikin ya yi kyau ƙwarai.

Da na isa gida na ɗora wa Mama ƙararrawarta a tafin hannu. Ta dubi idanuna da suka kumbura, ta kaɗa a hankali.

"Na'am, Mama," na ce. "Ina jin ki."