Akwatin Dakta Mas'uda

Ana saukowa daga masallacin Juma'a aka kira Insfekta Khamis: an shiga wani gidan haya a unguwar Iku.

Mai ƙarar, Dakta Mas'uda, masaniyar duwatsu ce da ke aiki a wata cibiyar bincike a Abuja. Ya same ta tsaye a falo, idanu jawur. Ga talabijin, ga kwamfuta a kan tebur, ba wanda ya taɓa su. Ƙofar ma ba a ɓalle ta ba.

"Me aka ɗauka, Dakta?"

"Akwatin ƙarfe, Yallaɓai. Gutsattsarin dutse ne da laka da muka haƙo wajen Bida."

"Zinare ne a ciki?"

"Ko kusa. Ɓawon wasu halittun teku ne, ƙanana, ido ba ya ganin su. Kowane zamani da irin nasa, da su muke gane shekarun kowace shimfiɗar dutse. Litinin zan gabatar da sakamakona. In babu akwatin, bakina kawai zan kai."

"Wa ke da makulli?"

"Ni. Na biyun yana durowata a ofis."

A bakin layi, Luba mai awara ta ce ta ga mota ruwan toka ta tsaya lokacin da maza suka tafi masallaci. Fuskar mai ita dai ba ta gani ba.

Motoci biyu ne masu wannan launi a cibiyar. Lukuman, direban ta farkon, ya rantse yana masallaci, sai da Khamis ya ce za su je wurin limamin, sannan ya sunkuyar da kai.

"Kabu-kabu na yi da motar ofis, Oga. 'Yan kamasho a tasha sun gan ni."

Aka bincika, haka ɗin ne.

Ta biyun ta Dakta Ghali ce, abokin aikin Mas'uda. Washegari ya zo caji ofis da fara'arsa.

"Rabona da Iku tun bara," in ji shi. "Jiya gonata kawai na je a Diko."

Khamis ya sa aka buɗe but ɗin motar. An share shi tas, amma a lungu akwai wata ƙasa baƙa-baƙa.

"Ƙasar gona ce," Ghali ya yi saurin cewa.

Khamis ya kankare ta a leda, ya kai wa Mas'uda. Ta jiƙa, ta wanke, ta tace, ta shanya, ta zuba a ƙarƙashin na'urar ƙara girma.

"Leƙa da kanka, Yallaɓai."

Ya kanne ido ɗaya. Abin da ya ɗauka ƙura ce sai ga shi kamar 'yan katantanwa, wasu a nannaɗe, wasu ɗaki-ɗaki. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Za a samu waɗannan a gonar Diko?"

"Ba za a samu ba. Ƙasar nan tamu daga dutse irin na Zuma ta fito, ba ta ɗauke da su. Waɗannan sun kai shekara miliyan saba'in, tun teku na kwance a wajen Bida. Daga akwatina suka zubo."

Khamis ya koma ya ajiye ledar gaban Ghali.

"Dakta, yaushe teku ta zo gonarka?"

Ghali ya cire tabarau.

"Shekarun baya na rubuta rahoto a kan dutsen nan, ban ko duba shi ba. Da shi aka ƙara mini girma. Ranar Litinin kowa zai gane ƙirƙira na yi, shi ya sa na ɗauki makullin a durowarta."

"Ina akwatin?"

"Yana kangona a Diko. Na kai shi bakin rafi zan juye, hannuna ya ƙi."

Can suka same shi a bayan bulo. Leda ɗaya ce ta fashe, sauran kowace da lambarta. Mas'uda ta durƙusa tana shafa su tana hamdala. Kofur ɗin da ya rako su ya sa wa Ghali ankwa, ya wuce da shi mota.

A hanyar komawa Khamis ya ciro waya ya kira tsohuwarsa a ƙauyensu kusa da Bida, wadda ko Legas ba ta taɓa zuwa ba.

"Inna, kin san a ƙasan teku kike shuka shinkafarki?"

Ta yi dariya, ta ce ya zo gida ya yi mata bayani.