Wanda Ya Hana Kansa

Auta tana guga a falo, ta shimfiɗa tsohon bargo a kan tebur, sai Baba ya kira ta da cikakken sunanta. A gidan nan ba a kiran mutum da cikakken suna sai in ya yi laifi ko akwai magana marar daɗi. Ta kashe dutsen gugar, ta goge hannunta a zani, ta shiga ɗakinsa da sallama.

Baba yana zaune a bakin gado, tabarau a kan hanci, waya a hannu. Mama tana tsaye a bakin ƙofa da tsumman goge kwano. Yaya kuwa, wanda kowa ke ce wa Injiniya duk da cewa shekara biyu kawai ya yi a makarantar koyon injiniyanci ya gudo, ya jingina da bango yana kallon rufin ɗaki kamar ba shi ya kawo maganar ba.

Baba ya miƙo mata wayar, ta gane ta Yaya ce. Hoton wata takarda ne, mai tambarin hukumar da gwamnati ta kafa bara don sa ido a kan cacar waya. Sunan Kafinta ne a kai, saurayin da saura wata biyu a ɗaura musu aure, da lambar katin shaidarsa. A ƙasa an buga jan hatimi da manyan baƙaƙe: AN HANA.

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana masinja a ofishin gwamnati kafin ya yi ritaya. Ya ɗauki fayil daga tebur zuwa tebur har kafaɗarsa ta dama ta karkace, kuma ya san hatimi kamar yadda ya san 'ya'yansa. A zamaninsa, jan hatimi irin wannan ba a buga shi sai a fayil ɗin ɗan kwangilar da aka kama dumu-dumu da almundahana, daga ranar kuwa ko gaisuwarsa ba a amsawa a ofis. Saboda haka bai ga abin tambaya ba.

"Ba ni da 'yar da zan ba mutumin da gwamnati da kanta ta gaji da shi," in ji shi, muryarsa a kwance. "Ƙarshen wata zan aika wa iyayensa su yi haƙuri."

Auta ta durƙusa. Ta ce ta san da takardar, shi da bakinsa ya gaya mata tun watan farko da ya fara zuwa wajenta. Ta ce shekara biyu ya yi yana zuba kuɗi a kan wasan ƙwallo ta waya, har sai da ya sayar da injin gogar katakonsa, kuma bayan an buɗe ofishin hukumar da ƙafarsa ya je ya roƙi a rufe masa hanyar cacar. Baba ya saurara har ta kai ƙarshe, sannan ya ce a tsawon aikinsa bai taɓa ganin wanda ya kai kansa a buga masa jan hatimi ba, kuma abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ta sani ta ɓoye. Ya hana ta kiran Kafinta, ya hana ta bi ta layin shagonsa. Ta ce to. Sai da ta koma kan gugar hawayen suka zo, suna ɗiga a kan rigar da take zuwa koyarwa da ita, tana bi da dutse tana busarwa.

Caca dai caca ce, ko a kan tabarma aka yi ta ko a cikin waya, kuma Baba bai yi laifi ba da ya ƙi ta. Laifinsa shi ne ya ɗauka aikin ofis ya tsaya a ranar da ya ajiye nasa.

Washegari aka aiki Mama shagon ta gaya wa Kafinta kada ya sake zuwa. Ta dawo da ƙurar katako a gefen mayafi, ta sami Auta a kicin tana wanke-wanke, ta ja ƙofa. Ta ce yaron bai yi musu ba, ya ce a gaida Baba, kuma duk abin da ya yanke shi mai biyayya ne. Da ta matsa masa da tambayar yadda takardar ta fito, sai ya sunkuyar da kai ya ce Injiniya ne ya je aron katin shaidarsa. Sabuwar doka ta sa wa kowane kati iyakar abin da zai zuba a wata, Injiniya ya cinye tasa, yana neman na wani ya buɗe sabon akawun na caca. Kafinta ya nuna masa takardar ne don kada ya zaci rowa ce, ya ga katin ba zai yi aiki ba ko da an ba shi, ya kuma ba shi shawarar ya je shi ma a rufe masa hanyar cacar. Shawarar ce ta ɓata wa Injiniya rai, shi ya sa ya kai wa Baba hoton takardar da ya ɗauka. Kafinta ya roƙi Mama kada ta kai wa Baba wannan, don zai zama kamar ramuwa.

Mama kuwa dama neman wanda zai roƙe ta haka take yi. Uwar da ke rufa wa ɗa asiri a kan abin da ke cin sa tana ganin tausayi take yi masa, alhali taya shi take yi.

Auta ta kwana biyu da maganar a bakinta. Sau uku tana kai wa Baba shayi tana buɗe baki, sai ta rufe. Ta san halinsa: maganar da ba takarda a bayanta iska ce a wajensa, zai ce soyayya ce ta sa ta yi wa yayanta ƙazafi. Ko ma ya yarda, ɓata Yaya ba zai wanke Kafinta ba, sai dai a ce 'yan caca sun zama biyu. Da suka haɗu da Yaya a baranda ta tsaya ta dube shi kawai. Ya ce, "Malama, lafiya? Ni taimakonki na yi fa." Ta ce ta gode, Allah ya saka masa da daidai abin da ya yi niyya. Bai ce amin ba.

Haka ta ci gaba da zuwa makarantar ƙananan yara inda take koyarwa. Hanyar da ta fi kusa ta layin shagon take, amma ta riƙa zagayawa ta bayan asibiti, tafiyar da ke ƙara mata kusan rabin awa a rana. Wayarta tana kan tebur a falo kowa na gani. Ba ta daina cin abinci ba, ba ta kumbura fuska ba, ba ta kai ƙara gidan kowa ba. Baba yana lura. Ya shirya wa kuka da gaba, sai ga shi ba a ba shi ko ɗaya ba, abin ya fara damunsa.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare, da safe yana goge takalminsa, ta zo ta zauna a ƙasa kusa da shi.

"Baba, ba roƙon ku canza magana na zo ba. Ku ne kuka koya mana ba a yanke hukunci a kan kwafe, sai an ga asalin takarda. Wannan kuwa ko kwafe bai kai ba, hoto ne a waya."

Baba ya dakata da burushin. Sannan ya ce ta sa mayafinta, amma ta sani in ofis ya tabbatar da abin da ya gani, ba ya son ya sake jin sunan yaron a gidansa. Ta ce ta yarda.

Ofishin yana hawa na biyu a wani dogon gini, da kujerun roba a jere da fanka ɗaya mai ƙara. Baba ya duba ko'ina bai ga fayil ko ɗaya ba, sai kwamfuta, ya taɓe baki. Mutanen da ke layi ma ba irin waɗanda ya zata ba ne: wani mai kayan aikin asibiti, wani dattijo da hula a hannu, wata mata da jariri a kafaɗa. Kowa yana kallon ƙasa.

Da layi ya zo kansu, ma'aikaciyar, wata yarinya mai tabarau, ta karɓi katin shaidar Baba kamar yadda ake yi wa duk mai shiga, ta shigar da lambar. Baba ya nuna mata hoton, ya ce yana son a gaya masa laifin da wannan yaron ya yi har aka hana shi. Ta ce doka ba ta ba ta damar yin magana a kan bayanan wani ba. Wannan amsar ta yi wa Baba daɗi, ya gyara zama, don ya ga alamar an san aiki. Sai ta jawo wani fom da ba a cike ba ta ajiye a gabansa, ta ce wannan kam kowa na iya karantawa, kuma duk wanda aka ga jan hatimin nan a hannunsa, wannan fom ɗin ya cike, ba wata hanyar samunsa.

Baba ya gyara tabarau ya bi layin farko da yatsa. An rubuta: ni, da hankalina, ba tare da tilas ba, ina roƙon a hana ni shiga kowace irin cacar waya har tsawon shekara biyar, kuma na yarda ba zan iya janye wannan roƙo ba. Ya karanta sau biyu, har da ƙananan rubutun ƙasa.

"Nan ba ma kama kowa, Baba," in ji ta. "Mutum shi ke kawo kansa. Wasu sai sun zo sau uku suna juyawa daga bakin ƙofa." Ta sake duban kwamfutar, ta rage murya. "Ku ma in kuna so a yi muku yau, ba ya ɗaukar lokaci. Na ga akawun ɗinku ya kai iyakar wata tun ranar tara."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta san Yaya yana neman kati, amma ba ta taɓa kawo wa ranta zai kai hannu aljihun Baba ba. Baba bai ɗaga murya ba. Ya tambayi ranar da aka buɗe akawun ɗin, aka gaya masa. Ya yi lissafi, ya tuna makon da Injiniya ya karɓi katinsa ya ce zai sabunta masa rajistar fansho. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce a ba shi biro.

Da kyakkyawan rubutunsa na tsofaffin ma'aikata ya cike fom ɗin, ya sa hannu. Yarinyar ta fitar da takarda ta buga mata hatimi, ja, AN HANA, a ƙarƙashin sunan mutumin da bai taɓa sanin yadda ake buɗe cacar ba. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba.

A bakin titi bai ce su nufi gida ba. Ya ce ta wuce gaba ta nuna masa shagon.

Kafinta yana yankan katako, fensir a bayan kunne, sai ya ɗago ya gan su. Ya ajiye zarto, ya kakkaɓe hannu, ya durƙusa har ƙasa cikin ƙurar. Ya rame. Auta ta gani, ta kau da kai. Baba ya zauna a kan wata kujera da ba a gama ba, ya duba shagon a tsanake, ya ga har yanzu da hannu yaron ke gogar katako, wurin da injin yake a da an ajiye bokitin ƙusa. Ya tambaye shi sau nawa ya juya daga bakin ƙofar ofishin kafin ya shiga. Kafinta ya ce sau biyu. Ya tambaye shi ko har yanzu abin yana taso masa. Kafinta ya ce ba zai yi ƙarya ba, ranar da ake babban wasa yakan ji hannunsa yana ƙaiƙayi, sai ya kashe wayar ya kama aiki.

"Da ka ce mini ya wuce gaba ɗaya, da ban yarda da kai ba," in ji Baba. "Na karanta takardarka a juye, ɗana. Ka yafe mini. Rana tana nan inda aka sa ta."

Kafinta yana nan durƙushe a cikin ƙurar. Auta ce ta ce, tana share ido da gefen mayafi, ai sai ya tashi haka nan, kada angon ya zo da gwiwa duk ƙura. Baba ya ce ita kuma ta kama bakinta, ba a ɗaura ba tukuna.

A gida Baba ya kira Injiniya da Mama, ya ajiye takardarsa a kan tebur, ya bar su suka karanta. Mama ta fashe da kuka. Injiniya ya fara rantsuwa, Baba ya ɗaga masa hannu, ya ce ba zai ja shi zuwa ofishin ba, don fom ɗin ya ce ba tare da tilas ba, amma daga yau duk katin da ke gidan yana cikin akwatinsa a kulle. Wata huɗu Injiniya ya yi yana kumbure-kumbure yana bin abokai aro, har bayan bikin. Wata safiya ya tsaya a ƙofar shagon Kafinta, ya ce ko zai raka shi wani wuri, don shi kaɗai ya je sau biyu ya kasa hawa benen.

Gwamnati tana iya sa iyaka, tana iya buga hatimi, amma ba ta iya shiga zuciyar mutum ta ce masa ya isa. Wannan aikin mai zuciyar ne. 'Yan mata, in an zo neman aurenku, kada ku tsaya neman wanda bai taɓa yin kuskure ba, ku duba wanda ya iya hana kansa, ya kuma faɗi gaskiya tun ba a tambaye shi ba. Iyaye kuma su riƙa tambaya kafin su yanke, su fara da duba 'ya'yan da ke cikin gidansu. Auta ba ta yi wa mahaifinta tsawa ba, ba ta tona yayanta ba, ta jira har ranar da maganarta za ta shiga, kuma ta samu mijinta ba tare da ta rasa kowa a gidansu ba.