Dodon Kashi na Shida

“Tun da aka ƙirƙiro talabijin ba a taɓa yin abin da ya kai kashi na shida na shirin Masu Gadin Wata ba, kuma ba za a ƙara yi ba.”

Mista Desmond Ackroyd ne ya faɗi haka, kamar yadda ya saba faɗa duk wata a ɗakin taron cocin unguwarsu da ke Halifax. Ba mai iya musa masa, domin a ƙungiyar masoya shirin ba wanda ya ga kashin sai shi. Sau ɗaya aka nuna shi, tun zamanin hoto mara kala, sannan gidan talabijin ya goge faifan ya naɗi wasan ƙwallo a kai. Sautinsa kaɗai ya tsira, wanda Desmond ya naɗa da rikodar gidansu yana ɗan shekara goma. Sai a kunna sautin, shi kuma ya miƙe, ya rufe ido, ya kwatanta wa mambobi dodon da ya gani: ya cika allo, idanunsa kamar garwashi.

Aibun sautin ɗaya ne. Daidai inda kyaftin, jarumin shirin, zai yi maganarsa ta ƙarshe, sai muryar mahaifiyar Desmond ta danne shi daga kicin: “Desmond, shayinka zai huce!” Fiye da shekara hamsin ana jin haushin marigayiyar.

Ewan Haigh kuwa ruwan sama ne ya koro shi ɗakin. A bakin ƙofa ya tarar da wata budurwa tana zuba shayi, fuskarta irin ta wadda ta ji labarin dodo tun tana cikin tsumma. Bryony ce, ’yar Desmond tilo.

“Kallo ka zo ko biskit?” ta tambaye shi.

“Ruwa na gudo wa.”

“Kai ne na farko da ya shigo nan da dalili mai ma’ana. Zauna.”

Ya zauna, amma ita yake kallo. Da ya ci gaba da hakan da ya zauna lafiya. Sai ƙaddara ta sa ya waiwaya allo ana nuna kashi na uku, jirgi na ratsa taurari.

“Kai!” ya ce da ƙarfi. “Ga zaren da aka rataye jirgin can!”

Duk kawuna suka juyo kansa. Kowa a wurin ya san zaren nan, kuma tarbiyya ita ce kada ka gan shi.

Da yamma saƙonta ya shigo: “Mai-zare, ka kashe kanka a wurin Baba. Amma yau na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. Gobe ina da lokaci.”

Ya amsa: “Umarninki, Kyaftin.”

Shekara ba ta zagayo ba ya je neman aure. Desmond ya karɓe shi a tsaye.

“Kai ne mai ido ko?”

“Yallaɓai, kuskure ne. Na sake kallo, wallahi ban ga komai ba.”

“Ga ƙarya kuma. Saurara, yaro. Ranar da na sake ganin kashi na shida da idona, ranar zan riƙe hannun Bryony in kai ta coci.”

A bakin ’yan ƙungiyar, wannan na nufin har abada.

Doka ba ta hana su zuwa ofishin rajistar aure su biyu ba, Ewan kuma ya faɗa mata haka har muryarsa ta dishe.

“Tun da Mama ta rasu, ni da shirin nan kaɗai gare shi,” in ji Bryony. “In na shiga coci ba hannunsa, shirin kaɗai zan bar masa. Ba zan iya ba, Mai-zare.”

Ga kuma Martin Sugden, sakataren ƙungiya, wanda bai taɓa ganin zare ba a rayuwarsa, kullum yana falonsu yana gyaɗa wa Desmond kai, idonsa na kan Bryony.

Ewan ya bazama neman kashi na shida. Duk kasuwar tsofaffin kaya da ke Yorkshire ta san shi. Ya sayi gwangwanin fim mai tsatsa a Leeds, ya tarar da tallar sabulu. Ya sayi wani a Bradford, bikin auren mutanen da bai sani ba. Ya rame, motarsa ta koma warin ruɓaɓɓen fim. Bai gaya wa Bryony ba, don kada ta sa rai.

Martin ne ya gaya mata, a irin tasa hanyar.

“An ce duk Lahadi kana gidan wata mata a Hull,” ta rubuto. “In ka gaji da jira, faɗa mini da bakinka. Kada ka bar ni in ji daga Martin.”

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya sake kira, wayar a kashe. Ranar Lahadi ya tsaya ƙofar gidansu cikin ruwa har ta fito, ya roƙe ta ta shiga mota.

Matar Hull ta haura tamanin. Mijinta marigayi ma’aikacin gidan talabijin ne, mai kwaso abin da aka zubar, ita kuma ta yarda Ewan ya duba rumfar bayan gida muddin zai yanke mata ciyawa. A ƙarƙashin wata tsohuwar tabarma ya samo gwangwanin fim mai ɗauke da kashi na shida. Suka ɗora fim ɗin a majigin marigayin, Bryony na riƙe da hannunsa.

Dodon ya fito. Wani gajeren mutum ne aka naɗe da darduma, aka liƙa masa fitilun keke biyu a goshi. Agogonsa na hannu a waje. Ya yi tuntuɓe da dutsen wata, dutsen ya gangara, don kwali ne.

“Mun shiga uku,” in ji Bryony.

“Mu mayar da shi ƙarƙashin tabarma. Na rantse ba wanda zai ji.”

“Sannan mu tsufa muna gaisawa a bakin tukunyar shayi?” Hawaye ya zubo mata. “Shi ya yanka sharaɗin. Ɗauko.”

A falon Desmond aka kunna. Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya zauna a gaba. Da dodon ya fito bai motsa ba. Da ya yi tuntuɓe bai motsa ba. Ewan ya kafa wa ƙasa ido.

Aka zo wurin maganar kyaftin. Ba tare da ya sani ba, Desmond ya ɗan karkata kai wajen kicin. Ba wanda ya kira shi. A allo kyaftin ya gyara hula, ya ce, “To, mu tafi gida.” Shi ke nan maganar da aka yi shekara hamsin ana muhawara a kanta.

Fim ya ƙare, farin haske ya rage a bango.

“A akwatin talabijin ɗinmu ya fi girma,” in ji Desmond a hankali.

“Na tabbata, Yallaɓai.”

“Ka ga agogon?”

Ewan ya dubi Bryony. “Wane agogo?”

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. “Ka fara hankali,” ya ce. “Bryony, kira fasto.”

Aka ɗaura aure da bazara, Desmond ya kai ta har gaban coci kamar yadda ya yi alkawari. Kafin ranar fim ɗin ya shiga wayar kowa, domin shi da kansa ya ce abin tarihi ba a ɓoye shi. A wurin liyafa ’yan ƙungiya suka haɗa kai a teburin baya suna maimaita tuntuɓen dodo, Martin ya fi kowa dariya. Tun fitowar fim ɗin ba wanda ya sake cewa Desmond ya miƙe ya rufe ido.

Ya miƙe dai, ido buɗe.

“Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da ’ya’ya masu jin magana. Ewan, ɗana, aure ma da zare aka rataye shi. In ka gani, ka yi shiru.”

Aka yi tafi. Bryony ta rungume shi tana kuka, Ewan ya ja ta filin rawa yana raɗa mata “Kyaftin”. Desmond ya koma kujerarsa ya daɗe yana kallonsu. Can ya ɗauki kofinsa, ya tarar shayin ya huce. Ya shanye shi a haka.